ƘARAMAR LASIFIKA A BABBAN GURBI: DARASIN KIMIYYAR SAUTI DAGA ƘOFAR MOTA

Gabatarwa

Da yawa daga cikin motocin da ke bin hanyoyin Nijeriya da Nijar sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka ko Asiya kafin a shigo da su. Daga cikin kayan da kan fara gajiya a irin waɗannan motoci akwai lasifikokin da kamfani ya sanya a cikin ƙofofi da kuma bayan kujerar baya. Motar da aka ajiye cikin rana da gilasai a rufe, zafin cikinta kan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Wannan zafi, da ƙurar hunturu, da laimar damina, su ne suke haɗuwa su ruɓar da soso ko robar da ke zagaye da bakin lasifika, har sauti ya koma karkarwa da ƙoƙi-ƙoƙi.

Idan mai mota ya nufi kasuwar kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ba kullum yakan dace da lasifikar da ta yi daidai da gurbin motarsa ba. Sau da yawa wadda ya samu, ko wadda kuɗinsa suka kai, takan kasance ƙarama, gurbin kuwa babba. Abin da aka saba gani shi ne a ɗaure ta da noti biyu, ko da guntun waya, a bar sarari a gefe, a mayar da murfin ƙofa. Da an kunna rediyo sai a ji sauti ya fito siriri kamar daga cikin gwangwani, nan take kuma a yanke wa lasifikar hukuncin cewa jabu ce. Alhali kuwa sau tari lafiyarta ƙalau, laifin na sararin nan ne da aka bari.

Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, da hanyar da ake bi a gyara, da abin da ake rasawa da wanda ake samu idan an musanya babbar lasifika da ƙarama. Mai karatu zai kuma ga cewa wani ɗan ƙwaro ya warware wannan matsala tun kafin ɗan Adam ya ƙera mota.

Yadda lasifika take haifar da sauti

Sauti motsi ne na iska. Duk abin da ya kaɗa, ko fatar ganga ce ko tsirkiyar garaya, yakan matse iskar da ke kusa da shi sannan ya sake ta, wannan matsewa da sakewa kuma su yi ta tafiya kamar igiyar ruwa har su iso kunne. A yanayin zafi na digiri 20, sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a kowace daƙiƙa. Yawan kaɗawar da abu ya yi a daƙiƙa ɗaya ana auna shi da ma'aunin haz, wanda aka ba sunan masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000. Ƙarancin kaɗawa shi ke ba da amo mai kauri, irin na tambari, yawanta kuma shi ke ba da siririn sauti, irin na sarewa.

Lasifika tana da manyan sassa huɗu. Akwai maganaɗisu a bayanta. Akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, wadda masu gyara ke kira kwayil, tana zaune a wani ɗan tsagi a tsakiyar maganaɗisun. Akwai faifai mai siffar mazurari, na takarda ko na roba, wanda aka manne da kwayil ɗin. Sannan akwai kwandon ƙarfe ko na roba da ke riƙe da su duka. Idan lantarki mai sauya alkibla ya bi ta cikin kwayil, sai maganaɗisu ya riƙa tura shi gaba yana jawo shi baya, faifai kuma ya bi shi, iska ta motsa.

Irin wannan lasifika ta samo siffarta ta yau ne daga aikin injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, waɗanda suka wallafa sakamakon bincikensu a 1925. Bayan shekara biyar, wato a 1930, kamfanin Galvin na birnin Chicago ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola. Tun daga lokacin kamfanonin mota suka riƙa huda gurabe iri-iri. Akwai masu da'ira, na santimita 10 da 13 da 16.5, waɗanda 'yan kasuwa ke kira inci huɗu, da inci biyar da kwata, da inci shida da rabi. Akwai kuma masu siffar ƙwai, kamar inci 6 da 9, ko inci 5 da 7 wanda kamfanin Ford ya daɗe yana amfani da shi. Rashin ma'auni guda ɗaya shi ne tushen matsalar da ake magana a kai.

Dangantakar girma da kaurin sauti

Sanin kowa ne cewa babbar ganga ta fi ƙarama kaurin amo. Haka abin yake a tsakanin dabbobi. Giwa tana iya yin gurnanin da ke ƙasa da haz 20, wanda kunnen mutum ba ya ji, kamar yadda Katy Payne ta gano a 1984. Jemage mai cin ƙwari kuwa kukansa yakan zarce haz 20,000. Dalilin wannan bambanci yana cikin abin da ake kira tsawon zango, wato nisan da ke tsakanin matsewar iska ɗaya da wadda ke biye da ita. Ana samun sa ne idan an raba saurin sauti da yawan kaɗawa. Sautin haz 100 tsawon zangonsa mita 3.43 ne, na haz 1,000 kimanin santimita 34 ne, na haz 10,000 kuwa bai kai santimita 4 ba. Ƙaramin abu ba ya iya kama iska sosai idan zangon da yake son haifarwa ya ninka girmansa sau da yawa.

Saboda haka ƙarfin amo mai kauri ya dogara ne ga yawan iskar da faifai ya tura, wato faɗin filin faifai idan an ninka shi da nisan da ya motsa. A nan ɗalibin lissafi zai tuna cewa filin da'ira yana ƙaruwa ne bisa ga faɗinta idan an ninka shi da kansa. Idan an ninka 13 da 13 za a sami 169, idan kuma an ninka 16.5 da 16.5 za a sami kimanin 272. Ke nan filin lasifika mai santimita 13 kimanin kashi 62 cikin ɗari ne kawai na filin mai santimita 16.5, duk da cewa a ido bambancinsu bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Mai santimita 10 kuwa filinta kashi 37 ne cikin ɗari.

Ma'anar wannan ita ce, kafin ƙaramar ta tura iska daidai da babbar, dole faifanta ya yi tafiya mai nisa. Mai santimita 13 sai ta ninka tafiyar babbar sau 1.6, mai santimita 10 kuma sau 2.7. Bugu da ƙari, duk lokacin da kaɗawa ta ragu da rabi, misali daga haz 100 zuwa haz 50, faifai yana bukatar ninka tafiyarsa sau huɗu kafin ƙarfin sautin ya tsaya yadda yake. Kowace lasifika kuwa tana da iyakar da faifanta zai iya kaiwa, 'yan milimitoci ne kawai. Idan an matsa mata ta wuce wannan iyaka sai sauti ya gurɓace, kwayil ya riƙa bugun ƙarfen baya, daga ƙarshe ta lalace.

Ɓarnar da giɓi yake yi

Raguwar fili asara ce da ba makawa sai an yi ta. Amma akwai wata asarar da ta fi ta girma, wadda kuma ana iya kauce mata gaba ɗaya. Faifan lasifika fuska biyu gare shi. A daidai lokacin da ya matsa gaba ya matse iskar da ke gabansa, a lokacin ne kuma yake sassauta iskar da ke bayansa. Wato sautin gaba da na baya kishiyoyin juna ne. Idan akwai hanya a buɗe a gefen faifai, iskar da aka matse a gaba sai ta zagaya da sauri ta cike wurin da aka sassauta a baya, su kashe juna tun sauti bai bar wurin ba.

Lissafi zai nuna dalilin da ya sa amo mai kauri ne kaɗai ke shan wannan wahala. A sautin haz 100, faifai yana ɗaukar kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa yana turawa gaba, wato kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa. Sauti kuwa yana cinye tafiyar santimita 13 daga gaba zuwa baya a ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ke nan iska tana da isasshen lokaci, har da rara, na zagayawa ta daidaita. Amma a sautin haz 5,000 faifai yakan sauya alkibla tun iskar ba ta kai baya ba, don haka siririn sauti ya tsira. Wannan shi ne asirin sautin gwangwani: kauri ya mutu, kaifi ya rage shi kaɗai.

Maganin abin shi ne a raba gaba da baya da shinge. Tun a binciken 1925 Rice da Kellogg suka nuna muhimmancin allon da ake dasa lasifika a tsakiyarsa. A cikin mota, ƙarfen ƙofa na ciki shi ne wannan allo, cikin ƙofar kuma shi ne akwatin da ke tsare sautin baya. A bayan kujera kuwa but ɗin mota ne akwatin. Wanda ya sanya ƙaramar lasifika a babban gurbi ya bar giɓi, tamkar ya huda shingen ne a wurin da ya fi ko'ina muhimmanci.

Darasi daga gyare

Akwai wani jinsin gyare mai zama a kan ganye, siriri, mai launin kore-kore, wanda masana ke kira Oecanthus. Namijinsa yana kiran mace da dare ta hanyar ɗaga fikafikansa na gaba yana goga ɗaya a jikin ɗaya. Fikafikan nan kimanin santimita ɗaya ne tsawonsu, alhali zangon sautin da suke fitarwa ya kai santimita goma ko fiye. Ashe ke nan gyare yana fama da matsala iri ɗaya da ta ƙaramar lasifika: iska tana zagaye gefen fiffike, sautin gaba da na baya suna cinye juna.

A 1975 wasu masana a Afirka ta Kudu suka ba da rahoto a mujallar Nature cewa sun ga wannan ƙwaro yana cin rami a jikin ganye, sannan ya shiga ramin ya tsaya, ya jingina fikafikansa da bakin ramin, ya ci gaba da kuka. Ganyen ya zame masa allo, ƙarfin kukansa kuma ya ƙaru kimanin ninki biyu zuwa uku. A 2017 Natasha Mhatre da Rohini Balakrishnan da abokan aikinsu suka nazarci wani ɗan'uwansa na ƙasar Indiya, Oecanthus henryi. Sun gano cewa idan aka ba shi zaɓi yakan ɗauki ganye mafi girma, ya huda ramin kusa da tsakiya, ya kuma yi shi daidai da girman fikafikansa. Wani binciken na 2020 ya nuna cewa ƙananan maza da masu raunin murya su suka fi yin wannan dabara, kuma tana ƙara musu sa'ar samun mata.

Ƙa'idoji uku ke nan gyare ya kiyaye: babban allo, rami daidai da girman mai kaɗawa, da rashin giɓi a tsakani. Su ne kuma ƙa'idojin da ake bukata a ƙofar mota.

Yadda ake haɗa allon cike giɓi

Abin da ake yi shi ne a yanka allo wanda gefensa na waje ya dace da tsohon gurbi, ramin tsakiyarsa kuma ya dace da sabuwar lasifika. Kafin a taɓa komai, a kashe mota, a cire wayar batir mai alamar ɗebewa. Daga nan sai a bi waɗannan matakai.

Na farko, awo. A auna faɗin gurbi da wuraren da notinan kamfani suke. A auna faɗin kwandon sabuwar lasifika ta ƙasan leɓenta, domin shi ne girman ramin da za a huda. Sannan a sauke gilashin ƙofa har ƙasa, a auna zurfin da ke tsakanin bakin gurbi da gilashin. Wannan awo na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi. Wata ƙaramar lasifikar tana da maganaɗisun da ya fi na tsohuwar tsawo, in ba a lura ba sai gilashi ya doke shi, ko dai ya maƙale ko ya fashe. Haka nan a tabbatar akwai sarari a gaba, don kada faifai ya riƙa taɓa murfin ƙofa.

Na biyu, zane. A ɗora tsohuwar lasifika a kan kwali, a zana gefenta da ramukan notinanta, a zana da'irar sabuwar a ciki, a yanka, a gwada a jikin ƙofa. Kuskure a kan kwali ba ya cin kuɗi. Idan gurbin mai siffar ƙwai ne, akwai damar a matsar da da'irar zuwa ɓangaren da ya fi zurfi, muddin dai tana fuskantar ragar da sauti ke fita ta cikinta.

Na uku, zaɓen abin da za a yanka. Ana bukatar abu mai tauri wanda ba ya lanƙwasa, domin allon da ke rawa tare da lasifika yana shanye ƙarfinta, yana kuma ƙara tasa ƙarar. Filawud mai kaurin milimita 6 zuwa 12 yana yi, haka ma roba mai kauri. Kwali da silin da langa-langa ba su dace ba. Abin lura shi ne cikin ƙofar mota ba busasshen wuri ba ne. Ruwan sama da na wanki yana bin gilashi ya gangara ciki, ya fita ta 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofa. Katakon da aka yi da matsattsen garin itace yakan sha ruwa ya kumbura ya marmashe. Saboda haka duk katakon da za a sanya a shafe shi da fenti ko banish ta kowace fuska, har da bakin yanka. Wata dabarar kuma ita ce, idan kwandon tsohuwar lasifika na roba ne, a cire faifai da maganaɗisu, a bar zoben waje, a ɗora sabon allo a kansa, tunda ramukan notinansa sun riga sun dace da ƙofa.

Na huɗu, liƙewa. A shimfiɗa siririn soso mai gam ko roba mai laushi tsakanin ƙofa da allo, da kuma tsakanin allo da lasifika. A ɗaure dukkan notina, ana bin su ɗaya bayan ɗaya ta fuskoki masu kallon juna, ba tare da an matse har kwando ya karkace ba, domin karkacewar kwando kan sa kwayil ya riƙa gogar maganaɗisu. Ledar da kamfani ya manna a jikin ƙofa don tsare laima a mayar da ita yadda take.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi rai. Wasu motocin zamani suna da na'ura a cikin ƙofa mai auna matsin iska. Idan wata mota ta doki ƙofar, iskar ciki takan matse farat ɗaya, na'urar ta ji, ta ba da umarnin buɗe jakar iska ta gefe. Wannan tsari ya dogara ga ƙofar da ke rufe ruf, lasifika kuma tana cikin abubuwan da ke toshe ta. A irin wannan mota, barin giɓi ko huda sababbin ramuka na iya dagula aikin na'urar. Wajibi ne a duba littafin motar ko a tuntuɓi ƙwararre kafin a soma aiki.

Sha'anin lantarki

Dacewar jiki kaɗai ba ta wadatar ba, sai lantarki ma ya dace. Kowace lasifika tana da gwargwadon turjiyar da take yi wa lantarki, ana auna ta da om, sunan da aka ɗauko daga Georg Ohm wanda ya wallafa dokarsa a 1827. Yawancin lasifikokin mota masu om 4 ne, na gida kuma sau da yawa om 8. Wasu motocin masu amfilifayar kamfani suna zuwa da masu om 2. Dokar Ohm ta nuna cewa idan turjiya ta ragu da rabi, lantarkin da za a ja zai ninka. Don haka wanda ya haɗa lasifika mai om 2 da rediyon da aka yi domin om 4 yana iya ƙona shi. Wanda kuma ya sanya mai om 4 a gurbin mai om 2 ba zai yi ɓarna ba, sai dai sauti zai ragu.

Kada manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali su ruɗi mai saye. Rediyon mota na yau da kullum, wanda ke aiki da folt 12 zuwa 14, ainihin ƙarfin da yake bai wa kowace lasifika bai wuce wat 15 zuwa 20 ba. Lambar da ta dace a duba ita ce ta ƙarfin da lasifika ke jurewa a kai a kai, wadda ake rubuta RMS a gefenta, da kuma ta yawan desibel ɗin da take bayarwa da wat ɗaya. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin lantarki sau biyu. Lasifikar da ke ba da desibel 91 da wat ɗaya tana bukatar rabin ƙarfin da mai desibel 88 ke bukata.

Sai kuma haɗa waya. Idan aka juya wayoyin lasifika ɗaya, faifanta zai riƙa ja baya a lokacin da na 'yar'uwarta ke turawa gaba, su kashe kaurin juna kamar yadda giɓi ke yi. Ana gane bakin da ya dace da ƙaramin batirin tocila mai folt 1.5. A taɓa wayoyinsa da bakunan lasifika na ɗan lokaci kaɗan. Idan faifai ya yunƙuro waje, to bakin da ke haɗe da kan batir mai alamar tarawa shi ne mai alamar tarawa. Ba a yin wannan gwaji da 'yan mitsi-mitsin lasifikokin siririn sauti, domin wayarsu ba ta da juriya.

A ƙarshe, ana iya kare ƙaramar lasifika daga amon da ya fi ƙarfinta. Rediyoyi da yawa suna da wurin da ake datse sautin da ke ƙasa da haz 80 ko 100. Inda babu, sai a jera kafasita marar gaba da baya a kan waya ɗaya. Ga lasifika mai om 4, kafasita mai maikurofarad 400 tana soma rage sauti daga wajen haz 100 zuwa ƙasa.

Riba da asara

Ko an yi aiki yadda ya kamata, ƙaramar lasifika ba za ta kamo babbar ba wajen kaurin amo. Idan tafiyar faifansu ɗaya ce, mai santimita 13 tana ƙasa da mai 16.5 da kimanin desibel 4. Sai dai ita ma tana da nata alherin. Faifai yana fara harba sauti gaba kurum, kamar hasken tocila, idan zangon sautin ya kusa faɗinsa. Da yake lasifikar ƙofa tana wajen ƙafa ne, ba ta fuskantar kunne, ƙaramin faifai mai watsa siririn sauti ko'ina yakan sa magana ta fi fitowa sarai.

Mai sauraron labarai da wa'azi da hira bai yi wata babbar asara ba. Tsohon layin tarho yana ɗaukar sauti ne daga haz 300 zuwa 3,400 kawai, alhali tushen muryar namiji baligi yana tsakanin haz 85 da 180. Duk da haka Bahaushe yana bambance wuya na jiki da wuya ta wahala a tarho, bambancin da ya dogara ga karin sauti. Dalili shi ne murya tana tafe da 'ya'yan sauti waɗanda suke ninkin tushenta. Idan tushe haz 100 ne, akwai 200 da 300 da 400 da sauransu. Ƙwaƙwalwa tana lura da tazarar da ke tsakaninsu, ta gina tushen da bai iso kunne ba.

Lafiyar kunne

Haɗarin da ke tattare da raunin amo shi ne mai mota yakan ƙure murya don ya cike abin da ya rasa. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000. Su ne ke mayar da motsi ya zama saƙon jijiya. Ƙara mai tsanani tana kashe su. A ƙarshen shekarun 1980 an gano cewa tsuntsaye suna sake tsirar da nasu idan sun lalace, amma a jikin mutum da sauran dabbobi masu shayarwa wanda ya mutu ya tafi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sauti mai desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Direban haya da ke wuni a mota shi ya fi kowa shiga wannan haɗari. Ban da haka, direban da kiɗa ya cika wa kunne ba ya jin ham ko jiniya. Rigakafi dai ya fi magani, balle ga ciwon da ba shi da magani.

Gwaji domin aji

Malami na iya nuna duk wannan da kayan da ba su da tsada. A samo tsohuwar lasifika mai aiki, a haɗa ta da rediyo, a riƙe ta a hannu ɗalibai su saurara. Sannan a huda rami daidai da ita a jikin babban kwali, a danna ta a bakin ramin. Nan take za a ji kauri ya dawo. A ɗaga ta kaɗan yadda za a sami giɓin yatsa ɗaya, a ji yadda kaurin zai gudu. Daga nan a gwada kwalaye masu girma daban-daban, ɗalibai su rubuta abin da suka ji, su kwatanta shi da zaɓin da gyare ke yi tsakanin babban ganye da ƙarami. Idan aka kwantar da lasifikar aka zuba ƙwayoyin gero a kan faifanta, za a ga da ido yadda amo mai kauri ke sa su tsalle fiye da siririn sauti.

Kammalawa

Sanya ƙaramar lasifika a babban gurbi abu ne mai yiwuwa, muddin an auna zurfi, an yanka allo mai tauri wanda ruwa ba ya ci, an toshe kowane giɓi, an kuma daidaita om da bakin waya. Asarar da raguwar fili ke jawowa doka ce ta halitta, sai haƙuri da ita. Asarar da giɓi ke jawowa kuwa ta ganganci ce, guntun filawud da soso sun isa su kawar da ita. Inda aka sami lasifikar da ta yi daidai da gurbi, ita ta fi. Inda ba a samu ba, ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa gyare ke huda ganye zai iya yi wa mai wayarin bayanin abin da ya sa noti biyu da guntun waya ba za su wadatar ba.